Tekun Gilashi

A Iloilo, hawa na uku, muna da teku a cikin ɗaki,
gilashi ce da wayoyi, ruwan da ba ya jiƙa riga.
Nan nake koya wa yara tuƙin jirgi,
ni Efren Magbanua, da na ba teku shekara talatin da ɗaya
ta biya ni da furfura da ciwon gwiwa.

Suna zuwa da fararen riguna masu sitaci,
iyayensu sun jinginar da gona
don a buga musu hatimi a takarda.
Takardu kuwa ina da su jaka guda:
ta kashe gobara, ta iyo, ta ceton rai, ta karatun taswira.
Ko ɗaya ba ta tashe ni ba a daren nan.

Tasha uku muka taɓa cikin kwana huɗu.
Lodi da rana, sufeto da yamma, gadi da dare.
A littafin hutu na rubuta awa goma,
da hannuna, da biron kamfani,
alhali barcin da na samu bai isa shinkafa ta nuna ba.
Kowa goma ya rubuta. Biro ba ya hamma.

Ƙarfe uku saura, a mashigin Malaka,
ruwa kwance luf kamar an shafa masa mai.
Ina tsaye, ido buɗe, hannu kan ƙarfe,
barci ya shigo ba sallama ya zauna bayan idona.

Rodel na gefena, ɗan koyo, shekara sha tara.
Ya ga fitilar. Ya gan ta tun tana kamar kan allura.
Amma jiya-jiya kyaftin ya wanke shi tas gaban mutane
don ya yi magana ba a tambaye shi ba,
sai ya haɗiye ta, ta tsaya masa a maƙogwaro.
Ya ce a ransa, babba ya gani,
ai babba ba ya makancewa.

Ba mu ji komai ba. Jirgi mai tsawon unguwa
ba ya jin katako a ƙarƙashin ƙirjinsa.
Da gari ya waye aka tsinci taru, da shuɗiyar jarka,
da silifa ƙafa ɗaya.
Masunta huɗu. Biyu wa da ƙane.
Masu bincike suka buɗe littafi:
awa goma, awa goma, awa goma.
Suka rubuta kuskuren ɗan Adam, suka rufe,
kamar ba ɗan Adam ne ya zauna a ofis
ya ƙirga mu sha huɗu kan aikin mutum ashirin ba.

An ce baki shi ke yanka wuya.
Ni na ga shiru ya yanka huɗu.

Rodel bai sake hawa ruwa ba.
Yana facin taya a Guimaras.
In na wuce, da ka muke gaisawa.

Shi ya sa duk Laraba nake sa hular kyaftin,
in haɗe rai, in ba da umarnin da na san halaka ne,
in jira.
Yawanci su ce to yallaɓai, su murza sitiyari,
mu nutse tare, a kunna wuta, a tafi cin abinci.

Makon jiya wata yarinya, Jovelyn, 'yar mai tallar kifi,
murya na kaɗawa kamar igiya a iska,
ta ce, "Yallaɓai, akwai kwale-kwale a dama. Ba zan juya ba."
Na daka mata tsawa.
Ta maimaita, wannan karon har na waje ya ji.

Na fita baranda na daɗe ina kallon tekun gaske.
Babu gurbin wannan a takardar jarrabawa,
babu hatimin da aka sassaƙa masa.
Na sa hannu dai inda aka ce in sa,
na hau jirgin fito na koma gida,
na yi barci awa goma,
ban rubuta a ko'ina ba.